Tsohon Dutse a Kan Sabo

Ranar da ya fara zuwa, ko ƙofar bai gama turawa ba ta daka masa tsawa.

"Malam, tsaya nan! Kada ka ƙara taku ɗaya."

Ya tsaya cak a bakin ƙofar gilashin, rungume da wani ƙaramin akwati kamar wanda aka ba riƙon jinjiri. Takalminsa duk busasshen taɓo ne, hular kwano tana reto a jikin jakarsa. Ita kuwa tana daga ciki, farar riga har ƙasa, safar roba a hannu, takunkumi a fuska, idanunta kaɗai ake gani. Idanun nan kuwa sun ishe shi kallo.

"Ƙwayar ƙura ɗaya daga takalmin nan in ta faɗa mini a kwalba, sai ta ƙara wa dutse shekara dubu goma," in ji ta.

Ya dubi ƙafarsa, ya dube ta. "To gara in tsaya a waje. Ban zo tsufar da kowa ba."

Ba ta so yin dariya ba, amma takunkumin ya motsa, shi kuma ya gani.

A gida Auta ake ce mata, a cibiyar binciken da take aiki kuma mai awo. Aikin nata in aka faɗa wa wanda bai sani ba sai ya ɗauka zolaya ake: duwatsu take ƙidaya wa shekaru. A cikin kogo ruwa yakan ɗigo daga sama, kowane ɗigo ya bar ɗan farin abu a ƙasa, a hankali har abin ya tashi ya zama dutse tsaye. Ma'aikatan wurin turke suke ce masa, don ya yi kama da turken ɗaure akuya. Kafin ya ƙaru da tsawon gaɓar yatsa, an haifi mutum, an haifi jikansa, duk sun tsufa sun tafi. Shekarun ruwa sukan bar layi mai kauri a jikinsa, na fari su bar siriri. A cikin dutsen akwai burbushin wani sinadari, yuraniyam, da yake rikiɗewa a hankali, kuma saurin rikiɗarsa ba ya canzawa. Auta ce take narkar da garin dutsen, ta ba inji ya auna abin da ya rikiɗe da abin da ya rage, ya faɗi shekarun. Da haka ake sanin lokacin da sama ta yi rowa da lokacin da ta yi kyauta tun ba a san rubutu ba, da lokacin da mutanen farko suka zauna a kogunan, da irin yanayin da ya tashe su.

Ɗakin awon ba shi da taga. Daga safe har la'asar ita kaɗai ce a ciki, sai ƙugin inji, sai wayar bango da Dokta, shugaban sashen, yakan bugo ya tambayi sakamako. Akwai ranar da takan koma gida ta tuna ba ta furta kalma goma ba tun safe.

Shi kuwa mai taɓon, shi ne mai shiga kogon. Ta fito ta karɓi akwatin, ta buɗe, ta ga 'yan sanduna farare sirara kamar allin makaranta, kowane da lamba.

"Iyakarsu ke nan? Sauran mutane dutsen gaba ɗaya suke sarowa su kawo mini."

"Ni huda nake yi in zaro ɗan wannan, in toshe ramin," ya ce. "Abin da ya yi shekara dubu hamsin a tsaye, in an tambaye ni wa ya aike ni in kayar da shi, me zan ce?"

Ta ɗago ta sake kallonsa, wannan karon ba takalmin ba. A takardar miƙa kaya akwai gurbin lambar waya, wanda babu mai cikewa. Shi ya cike nasa, ya kuma tsaya har sai da ta cike nata, wai don doka.

Da yamma saƙo ya shigo.

"Salamu alaikum Farar Riga. Na wanke takalmin. Ko yanzu zan iya ƙara taku ɗaya?"

Ta karanta sau uku, ta ajiye wayar, ta share tsakar gidan da aka riga aka share, sannan ta dawo ta rubuta:

"Wa'alaikumus salam Ɗan Kogo. Ɗaya tak. Sauran sai an auna ka."

Daga nan sunayen suka bi su. Taku ɗaya ya zama biyu, ya zama jiranta a bakin get da la'asar, su taka har tashar mota suna hirar jemagu da kwalabe. Amma mai son ɗan kogo sai ya koyi zaman jira. Sati uku da haɗuwarsu aka tura shi wani kogo mai nisan yini biyu a mota, inda waya ba ta kamawa sai an hau wani tudu, tafiyar awa guda da ƙafa. Ranar Asabar kaɗai yake samun hawa. Auta, wadda da ba ta bambance Asabar da Talata, ta koma ƙidayar kwanaki da yatsu.

"Farar Riga, na iso tudu ina haki. Jiya na kashe fitila a can ciki don in huta. Duhun wurin ko hannunka ba ka gani, ba ka jin komai sai ɗigon ruwa. Da can ina son shirun nan. Yanzu ya dame ni, kuma laifinki ne."

"Ɗan Kogo, ni ma injin nan da nake hira da shi ya fara gundurata. Allinka na huɗu ya ce shekararsa dubu arba'in da biyu, kuma a lokacinsa an yi fari mai tsawo. Na tausaya wa mutanen. Ka ci abinci kuwa? Kada ka dawo mini kamar sandar alli."

"In na rame ke za ki biya. Ina kewarki, ban iya ƙawata magana ba."

Wannan na ƙarshen ta yi sati tana buɗe shi a motar haya, tana murmushi ita kaɗai, har wata tsohuwa ta tambaye ta ko lafiya.

Gidansu Auta su biyu ne, ita da Baba. Mahaifiyarta ta rasu shekara huɗu da suka wuce, Yayarta tana aure a wani gari. Baba tsohon mahaƙin rijiya ne, rabin rijiyoyin unguwar da hannunsa aka haƙa su. Tun da ya ajiye aiki ya koma zama a ƙarƙashin rumfa da rediyonsa, magana kuwa sai ka ce saye yake yi.

Da Ɗan Kogo ya dawo ya zo gaishe shi. Ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa, ya yi gaisuwa mai kyau. Baba ya ji daɗinsa, har ya rage muryar rediyo, abin da ba ya yi wa kowa.

"Samari, wace sana'a ake yi?"

"Baba, kogo nake shiga ina ɗebo samfurin dutse."

"Shiga? Har ina?"

"Wani wurin sai an sauka da igiya, gaba ashirin ko fi. Daga nan a yi rarrafe."

 Baba ya miƙa hannu ya mayar da muryar rediyon yadda take. Auta da ke laɓe a bayan labule ta gane magana ta ɓaci, don ta san wannan hannun.

Bayan baƙon ya tafi ya kira ta.

"Auta, yaron nan yana da hankali, ban ga aibunsa ba. Amma ƙanena da kika ji ana faɗa, rijiya ce ta rufta da shi, ni na tono shi da hannuna. Ba zan ba da ke ga mutumin da yake shiga ƙarƙashin ƙasa da ƙafarsa ba. Ko ya bar aikin, ko ya bar ki."

"Baba, ai kogo ba rijiya ba ce."

"Ƙasa dai ƙasa ce. Na gama magana."

Ta kira Yaya tana kuka. Yaya ta ce, "Ke ma dai Auta, duk mazan da ke yawo a doron ƙasa ki rasa wanda za ki so sai na rami? Ki yi haƙuri, zan lallaɓa shi." Ta lallaɓa, bai lallaɓu ba.

Ana cikin haka Dokta, wanda ya daɗe yana bugo wayar bango fiye da yadda aiki ya buƙata, ya ga hanya ta buɗe. Ba mugun mutum ba ne, sai dai irin mutanen nan ne da in sun yi maka sallama sai ka ji kamar alfarma suka yi maka. Ya zo gidan da motarsa mai sheƙi, ya gaida Baba. Baba ya tambaye shi inda yake aiki, ya ce ofishinsa yana hawa na uku. Wannan amsa ta yi wa Baba daɗi ƙwarai.

"Kin gani," ya ce wa Auta, "wannan sama yake hawa."

 Da ta faɗa wa Ɗan Kogo sharaɗin Baba da zuwan Dokta, sai ya ce, "Ban iya wani aiki ba, Farar Riga. Kuma ban iya barinki ba. Ki ba ni lokaci in san yadda zan yi da Baba." Kwana biyar bayan haka aka sake tura shi, wannan karon wata uku.

A tafiyar nan ce ya tarar da wani turke a can ƙuryar kogon, kusa da inda aka taɓa tono gatarin dutse na mutanen da. Ya huda shi wuri uku, ƙasa da tsakiya da sama, ya ba direban ma'aikata allin ya kawo mata, da 'yar takarda: "Ki kula da waɗannan, jikina yana ba ni akwai magana a cikinsu."

Akwai maganar kuwa, amma ba irin wadda yake fata ba. Na ƙasa ya ba da shekara dubu saba'in. Na sama dubu sittin da biyar. Na tsakiya, dubu ɗari da ashirin.

Ko yaro ya san abin da yake tashi daga ƙasa gindinsa ne babba. Ba yadda za a yi tsakiya ta girmi gindi da shekara dubu hamsin. Auta ta wanke kwalabe, ta sake narkarwa, ta sake aunawa. Sau uku, amsa ɗaya. Ta zauna a kan kujerarta, ta san abin da kowa zai ce: ko ita ta gurɓata awon, ko shi ya rikita lambobi a cikin duhu, ya haɗa da allin wani turken.

Tun tana ɗaliba aka koya mata cewa mai awo ba ya ƙara gishiri, lamba yake rubutawa ya sa hannu. Haka ta yi. Dokta ya karɓi takardar, ya ɗora tasa a sama: mai awo ta tabbatar babu kuskure daga ɓangarenta, saboda haka kuskuren daga wurin ɗiba ne. Za a tura wasu su saro turken gaba ɗaya a duba shi a ɗakin awo, shi kuma mai ɗiban ya tattara kayansa a ƙarshen wata. Aka aika masa ta waya.

Satin nan Auta ta rubuta masa saƙo ya fi goma tana gogewa. In ta ce ba laifinsa ba ne, ba ta da hujja. In ta ce laifinsa ne, zuciyarta ba ta yarda ba. Ta ce bari ta jira ta sami kalmar da ta dace, har Asabar ta zo ba ta aika komai ba. Nan ta yi wauta, kuma ta sani.

Ya hau tudun yana ɗokin saƙon masoyiya, abin da ya tarar sai takardar kora da sa hannunta a ƙasa. Amsarsa gajeriya ce.

"Na ga takardarki. Allah Ya ƙara basira. A gaida Dokta."

Ta rubuta: "Wallahi ba haka ba ne, ka saurare ni." Shiru. Asabar ta biyu ta sake rubutawa. Shiru.

Kaɗaicin da ta sani a da, ashe wasa ne. Da can ba ta jiran kowa, yanzu kuwa tana jira kuma ta san ba mai zuwa. Ta shiga ɗakin awo ta fito, ta hau mota ta sauka, ta dafa abinci ta zuba wa Baba, nata ya huce a kwano. Dokta ya ƙara yawan bugo waya, ita kuma ta koma amsa masa da "to, ranka ya daɗe" da "a'a, ranka ya daɗe" kawai. Ta rame har farar rigar ta yi mata yawa.

Baba yana gani. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma fuskar nan kullum tana gabansa. Wata Laraba da la'asar ya tarar da ita zaune a kan tabarma da takardu uku a gabanta, ta zuba musu ido kamar za su yi magana. Ya kashe rediyo.

"Wai me ke cikin takardun nan da ya hana ki cin abinci?"

Ba ta zaci zai gane ba, amma ba ta da wanda za ta faɗa wa. Ta ɗauki duwatsu uku daga gindin rumfa ta jera su, ɗaya kan ɗaya. "Baba, wannan na ƙasa shi ya kamata ya fi tsufa. Sai ga na tsakiya ya girme shi nesa ba kusa ba. An ce shi ya rikita, an kore shi. Ni kuma na sa hannu."

"Ke kin yarda ya rikita?"

"Mutumin da ba ya iya kayar da dutse don tausayi, ba zai yi sakaci da lamba ba."

Baba ya ɗauki dutsen tsakiyar yana juya shi a hannu. Can ya yi wani ɗan tsaki.

"Ku da karatunku. Ni in ina haƙa na tarar da jar ƙasar can ƙasa a kwance a kan baƙar ƙasar sama, ba na cewa idona ya rikice. Cewa nake wani ya riga ni haƙa a wurin, ya watso ta waje. Ƙasa ba ta hawa kan 'yar'uwarta da kanta. Hannu ne yake ɗora ta."

Auta ta daskare. Hannu. Wani ya ɗauki karyayyen tsohon turke daga wani wuri, ya ɗora shi a kan wannan, ruwa ya ci gaba da ɗigowa ya lulluɓe su har suka zama abu ɗaya. In haka ne, ba wanda ya yi kuskure. In haka ne, shekara dubu sittin da 'yan kai da suka wuce wani mutum ya tsaya a wurin nan da hannayensa biyu, kuma lambobinta sun faɗi lokacin.

Ta rungume hannun Baba tana kuka tana dariya. Ya ce, "Ke, sake ni, ban ce na yarda da shi ba."

Masu sara saura kwana shida su tashi. Ta rubuta saƙon a tsaye:

"Ɗan Kogo, ko kana fushi ka karanta wannan. Ba ka yi kuskure ba, ni ma ban yi ba. Ka koma ka haska turken daga gefe, ka nemi gaɓa a ƙasan hudar tsakiya. Ɗora shi aka yi. Baba ne ya gano. Laifina ɗaya, na bar takarda ta riga ni zuwa wurinka, kuma ina neman afuwarka. Ba Dokta nake so ba, kai nake so, ko da aiki ko babu."

Alhamis ta wuce, Juma'a ta wuce. Ranar Asabar tun hantsi wayar tana hannunta. Har azahar ba komai. Ta yi salla, ta zauna, ta ce shi ke nan ya daina hawa tudun. Sai dab da la'asar wayar ta yi ƙara.

"Farar Riga. Kowace Asabar ina hawowa in karanta, girman kai ya hana ni amsawa, ki yafe mini. Da safe na ga saƙonki, na sauka a guje na shiga, yanzu na sake hawowa, ƙafafuna ba nawa ba ne. Akwai gaɓar. A cikinta akwai baƙin hayaƙi, wuta suka hura a wurin. Kuma turken da aka ɗora ba ɗaya ba ne, guda bakwai ne a kewaye, ruwa ya rufe su shi ya sa ban lura ba. Na zauna a tsakiyarsu na yi kuka kamar yaro. Ki ce wa Baba na gode. Ki ce wa kanki ina son ki."

Hotunan da ya turo suka kai har teburin Farfesa, shugabar cibiyar. Aka dakatar da masu sara, aka janye takardar kora. Dokta ya yi ta maimaita cewa shi ma abin ya taɓa zo masa a rai. Aka bar shi da wannan, don ba kyau a ƙure mutum. Bai sake zuwa gidan ba.

Sai dai maganar Baba tana nan inda take. Da Ɗan Kogo ya dawo ya zo godiya, Baba bai bari ya gama ba.

"Je ka kawo mini igiyar da kake sauka da ita."

Ya koma ya kawo. Baba ya bi ta taku-taku da yatsunsa, yana murzawa, yana sunsunawa. Ya sa shi ya ƙulla ƙullin da yake yi, ya ja da ƙarfi, ya sa ya kwance ya sake. Auta tana bakin ƙofar ɗaki, numfashi ma a hankali take yi.

"Igiyar ba laifi. Ƙullin ma ba laifi. In ka sauka, wa yake tsaya maka a baki?"

"Wani lokaci direba, Baba. Wani lokaci in ya tafi sayen kaya, ni kaɗai nake shiga."

Baba ya ajiye igiyar. Da ya buɗe baki, muryar ba irin tasa ba ce.

"Ƙanena ba rijiya ce ta kashe shi ba. Ni ne a baki. Na ce bari in je in sha ruwa in dawo, nan da can. Kafin in dawo gefe ya zube, ya yi ta jan igiya ba mai ja masa. Shekara talatin da ɗaya ban faɗa wa kowa ba, ko uwar yaran nan."

Auta ta toshe baki da mayafinta. Ɗan Kogo ya sunkuyar da kai.

"Ba zan ce ka bar aikinka ba, na ga abin da rabuwa da kai ya yi wa 'yata. Amma ka yi mini alkawari a gabanta: daga yau ba ka sake sa ƙafa a rami sai da mutum a baki, wanda ba zai motsa ba ko ƙishirwa za ta kashe shi."

"Na yi alkawari, Baba. Allah ne shaida."

"To ka turo manyanka."

Wata biyu bayan haka aka ɗaura aure, da safe, a ƙofar gidan. Yaya ta zo da 'ya'yanta ta cika gidan da hayaniya, tana tsokanar ango wai yau dai an ga takalminsa da tsabta. Farfesa ta zo, direba ya zo, har Dokta ya aiko da saƙon taya murna mai sakin layi huɗu.

Da yamma, da za a tafi da amarya, ta durƙusa a gaban Baba a ƙarƙashin rumfa, mijinta a gefenta. Sai a lokacin ta dubi gidan da kyau, ta ga daga yau mutum ɗaya zai rage a cikinsa. Kuka ya ƙwace mata.

"Baba, wa zai zauna da kai?"

"Ke dai tashi, kada ki ɓata kwalliya." Ya juya ga angon. "Yaushe za ka koma ramin naka?"

"Bayan wata ɗaya, Baba. Farfesa ta ce har da Auta za mu, ta ga wurin da idonta."

"To ku tanadi kujera uku a motar. Direban nan naku na gan shi, yana da yawan zirga-zirga. Ni zan tsaya muku a baki."

 Baba ya ɗora hannu ɗaya a kanta, ɗaya a kafaɗar mijinta.

"Allah Ya yi muku albarka. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai jin ƙai. Duk inda kuka shiga, Allah Ya fito da ku lafiya, ku tarar da mai jiranku."

Aka amsa da amin har daga waje. Ɗan Kogo ya miƙa mata hannu, ta kama, suka tashi tare.